Keken da Ba Ya Bari a Huta

Zongo, Lomé
Farkon Fabrairu

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Malam da yara. Ya ciwon gwiwar? Ya 'yata Nadia, tarin ya sake ta? Mahamadou direba ya ce min ya gan ta a ƙofar gida tana tsallen igiya, wai har ta yi giɓi. Sai da na sa ya maimaita min.

Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, ba raini ba ne. Da na ji muryar wani na gida sai kuka ya taso min. Takarda ta fi min sauƙi, tunda Mahamadou na ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa wajenku, kuma ba ya ƙin karɓa.

Ban manta abin da kika faɗa ba ranar da kika tafi da ita, bayan addu'ar arba'in ɗin matata Safiatou. Kika ce ba za ki bar ƙaramar yarinya wurin uban da ba ya buɗe taga ba, ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa. Kika ce ranar da na koma mutum za ki dawo min da ita. Na ji haushinki a lokacin, amma gaskiya kika faɗa. Yanzu shekara ta zagayo. Na buɗe shago, ina ɗinki, har na koma aikin hannu na wuyan riga. Kuma ga sabon labari: na sayi keke.

Kin san tun da mota ta buge zemijan, babur ɗin hayar da ya ɗauko Safiatou daga kasuwar Hédzranawoé ban sake hawa babur ba, kuma ba zan hau ba. Da ƙafa nake kai wa mutane ɗinkinsu, rabin yinina a hanya yake ƙarewa. To rannan na je wajen Abdoul, mai kayan gwanjon Turai kusa da tasha, neman dutsen guga. Sai na hango wani keke baƙi siriri a jingine bayan tsofaffin firji. Babu birki, babu kariyar ɗaukar kaya, babu ƙararrawa, ko murfin sarƙa babu. Abdoul ya ce, "Tela, bar wannan, ya lalace. Yovo, Turawan nan, sun cire frein, ba birki, feda ma ba ya tsayawa. Kowa ya gwada sai ya sha ƙasa."

Na ɗaga tayar baya, na juya feda da hannu, na saki. Taya na gudu, feda na bin ta. Na mayar da shi baya, taya ta koma baya. Yaya, sai na ji ina dariya ni kaɗai, abin da na manta yadda ake yi. Ai keken ɗinkin Baba ne sak! Ƙafa na tura ƙarfe, ƙarfe na tura ƙafa, in kana son tsayawa da ƙafar za ka danne. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi.

Turo shi na yi har Zongo, ban hau ba tukuna. Ki faɗa wa Nadia babanta ya yi keke. Ki faɗa min kuma yaushe lakwal ɗinsu, makarantar boko, ke hutu.

Ƙaninki,
Sagiru

*

Matankari
Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Gwiwa tana nan tana hana ni sakat. Malam na gaishe ka. Nadia ta warke sarai, tana cin tuwo fiye da 'ya'yana.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Buɗe shago dai alhamdu lillahi, wannan har hawaye na yi don daɗi. Amma Sagiru, duk kekunan da ke cikin Lomé ka rasa wanda za ka saya sai wanda mai shi da bakinsa ya ce kada ka saya? Mutum na korar ciniki kai kana dariya. Tun kana ƙarami haka kake, in an ce abu da zafi sai ka sa hannu ka ji. Keken ɗinkin Baba a ɗaki yake, ƙafafunsa a ƙasa, tirela ba ta bi ta gabansa. Ni ma a Zongo aka yanke min cibiya, na san babban titin nan da manyan motoci ke bi zuwa arewa. A kansa za ka hau abin da ba shi da birki?

Ban faɗa wa Nadia ba. Yarinyar da har yanzu in ta ji ƙarar babur sai ta cukwikwiye min zane, ita zan ce wa ubanta ya sayi wannan? Ta dai tambaye ka. Cewa ta yi, "Gwaggo, Baba har yanzu yana kwance?" Na ce a'a, ya tashi.

Hutu sai Yuli. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ka mayar wa mutumin nan kayansa, ko ka rataye shi a bango ka riƙa kallo in dariyar ce kake so. Ga kilishi nan da ƙuli-ƙuli wurin Mahamadou, kada ka bar shi ya cinye a hanya.

Yayarka,
Asibi

*

Zongo, Lomé
Tsakiyar Afrilu

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Kilishi ya iso, Allah ya saka da alheri. Ina lafiya, sai 'yan ƙurje-ƙurje a gwiwar hannu. Ki gaida Malam. Ki shafa min kan Nadia.

Ban mayar ba, Yaya, kuma ban rataye ba. Na hau.

Ranar farko bayan sallar asuba na fito da shi filin bayan masallaci. Na taka, ya tafi sumul, ba ƙara ko kaɗan. Da na ji na yi nisa sai na manta, na tsayar da ƙafa don in huta yadda ake yi a kowane keke. Sai feda ya cilla ni sama, na dawo na zauna a cikin yashi. Masu fitowa daga masallaci suka yi ta dariya, wani dattijo ya ce, "Tela, wannan jakin naka ba a hore shi ba." Na tashi na sake hawa. Cikin mako guda ƙafata ta tuna abin da ta sani. In zan tsaya tun daga nesa nake farawa, in riƙa danne feda a hankali yana ture ni ina ture shi, har mu daidaita. Ƙafar wando kuma ina ɗaure ta da ƙyallen da ya rage a shago, don kada sarƙa ta kama.

Rannan a unguwar Tokoin wasu 'yan jami'a suka tare ni. Ɗaya ya ce, "Tonton, c'est un fixie! Ina ka samo shi?" Ashe irin keken nan har suna gare shi, fixie, wai a Turai samari ke yayinsa. Suka ga jallabiyata da ƙunshin ɗinki a bayana suka yi ta kallona.

Amma ba wannan nake son faɗa miki ba. Kin san abin da ke cina ba ciwon jiki ba ne, tunani ne. Ina ɗinki ina tunani, ina salla ina tunani, Allah ya yafe min. Ina ganin takalminta guda ɗaya da aka kawo min. To wannan keken ba ya ba ni sararin tunani. Da zarar hankalina ya tafi sai ya tuna min da ƙafa. Dole idona na kan hanya, ina auna wancan babur, ina auna waccan mai tallan lemo. Gangaren Tokoin in na biyo shi, ƙafafuna gudu suke kamar ba nawa ba, iska na shiga rigata, ba abin da ke cikin kaina sai hanya. Har ta wurin da abin ya faru na bi, wurin da shekara guda nake zagaye shi, ban ankara ba sai da na wuce.

Wahalar tana dawowa ne in na sauka. In buɗe ɗaki, ba kowa. Wallahi Yaya, wani lokaci ji nake da hanyar nan ba ta da ƙarshe da ban sauka ba, in yi ta tafiya kada in dawo ɗakin nan.

Kin ce ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Ina jira.

Ƙaninki,
Sagiru

*

Matankari
Mayu

Sagiru,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Na gane. Ka sayi abin da ba ya tsayawa, kana gangara tudu da shi, kana bi ta wurin da matarka ta rasu, sannan ka rubuto min da hannunka cewa ba ka son dawowa. Me kake so in fahimta? Ni ba yarinya ba ce. Da kana kwance a ɗaki na san inda kake. Yanzu ka tashi ne kana neman hanyar bin Safiatou, kana so a ce tsautsayi ne. Ka ji tsoron Allah, Auta. Rai ba naka ba ne.

Na kira ka na kira ka, waya na ƙara ba ka ɗauka. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Amsar da kake jira ga ta: a'a. Yarinyar nan an riga an nuna mata gawa ɗaya. Ba zan kawo ta in ajiye ta a ƙofar shago tana jiran a kawo mata ta biyu ba.

Asibi

*

Zongo, Lomé
Ƙarshen Mayu

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ruwa ya sauka a nan, lungunan Zongo duk sun zama taɓo.

Takardarki ta kwantar da ni kwana biyu. Ba mutuwa nake nema ba, Yaya. Na rantse miki da Allah. Ɗakin nake gudu, ba duniya ba. Ɗakin da ba a ɓarar da ruwa a cikinsa, ba a taɓa min almakashi, ba wanda ke cewa Baba ina jin yunwa. Wannan shirun ne ke kashe ni, kuma maganinsa na wurinki. Na rubuta abin da ke raina ne don ban da ke ba ni da wanda zan faɗa wa, sai ga shi na jawo wa kaina.

Tsorona ɗaya ne. Yaro ba ya riƙe fuska da daɗewa. Kowane wata da ya wuce ina raguwa a wurinta, kuma ba laifin kowa ba ne.

To ga abin da na yi. Na kai keken wurin mai gyara na sa an ɗaura masa birki a gaba. 'Yan jami'ar nan sun ce na ɓata shi, na ce su je su haifi 'ya tukuna. Na sa an ƙera kariya a baya, na ɗinka mata matashi da shuɗin yadi, da wurin sa ƙafa don kada taya ta kama. Gangaren Tokoin na bar shi, babban titi ma ina kauce masa in da hali. Na nuna wa Mahamadou komai, ya matsa birkin da hannunsa. Ki tambaye shi. Ki tambaye shi kuma ko na yi kama da mai shirin tafiya lahira, mutumin da ya cinye kwano biyu na wake da shinkafa a gabansa.

Ba na roƙon ki bar min ita gaba ɗaya. Hutun nan kawai. In kin ga abin da bai yi miki ba ki koma da ita, ba zan ce uffan ba.

Ƙaninki,
Sagiru

*

Matankari
Ƙarshen Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Mun yi shuka, Allah ya ba da damina mai albarka. Kowa lafiya.

Motar Mahamadou ta lalace a hanya, takardarka ta daɗe kafin ta iso, ni kuma ina nan ina ta saƙe-saƙe. Da ya zo na tsare shi a zaure na yi masa tambayar alƙali. Ya ce ka yi ƙiba, ka yi baƙi, kana tsokanar mutane. Ya ce matashin da ka ɗinka ya fi kujerar motarsa laushi. Ka yafe min maganar da na yi. Tsoro ne, kuma kai ma ka iya rubuta abin da zai tsinka wa mutum hanji.

Za mu zo. Da an rufe lakwal zan kawo ta da kaina, gwiwa ko ta so ko ta ƙi. In na ga yadda nake so, sai a nema mata lakwal a can wurinka.

Na faɗa mata. Sagiru, da ka ga yarinyar nan! Ta zagaye gida tana shela, har awaki ta faɗa wa. Ta riga ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta ajiye a bakin gado, kullum sai ta kwance ta sake ɗaurewa. Na faɗa mata zancen keken ma. Ta ce, "Ba ya ƙara?" Na ce ba ya yi. Ta ce to za ta hau.

Ka share ɗaki, ka sayi gidan sauro.

Yayarka,
Asibi

*

Zongo, Lomé
Yuli

Yaya,

Ki yafe min, da hagu nake rubuta miki. Ba rashin kunya ba ne. In wani wuri bai karantu ba ki yi haƙuri.

Takardarki ta same ni ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Maƙwabci ne ya buɗe min ita.

Ba a hanya ba ne. Kin ji tsoron tirela, ni ma na ji, amma a tsakar gida ne, da hantsi, keken na kife tayoyinsa a sama. Taɓo da yashi sun cika sarƙar, na ce bari in goge in sa mai. Kin tuna yadda Baba ya koya mana goge keken ɗinki? A juya ƙafar ta ɗauki gudu, a riƙe tsumma a jikin igiyar, ta goge kanta. Tun ina yaro haka nake yi duk ranar Juma'a. In tsumma ya kama, igiyar sai ta zame ta faɗi, shi ke nan. To haka na yi. Na juya feda taya ta ɗauki gudu, na naɗe tsumma a yatsa na ɗora a kan sarƙa. Sarƙa ba ta zamewa, Yaya. Ta ja tsumman, ta ja hannun zuwa cikin haƙoran ƙarfen, tayar kuma ta ci gaba da juyawa da nauyinta. Mai gyara ya ce da keken kowa ne da fedan ya tsaya. Wannan ba ya tsayawa. Na fi kowa sani, don haka na saye shi.

Yatsan da nake nuni da shi a tahiya ya tafi. Babban yatsa an yanke kansa, don ya ƙi warkewa. Hannun dama.

Na gwada. Na rufe shago na zauna da allura da zare tun safe har azahar ban zura ba. Almakashi ba ya zama a hannuna. Rigunan mutane na sa an mayar musu, wata rabin wuyanta a ɗinke. Ba na zuwa masallaci, don kowa sai ya miƙo hannu. Ba na ci da mutane, don ba zan sa hagu a kwanon jama'a ba. Na koma ɗaki. Tagar ma ban buɗe ba yau, gara in faɗa miki kafin Mahamadou ya faɗa.

Kada ki kawo ta. Sharaɗin da kika sa mai kyau ne, kuma na faɗi. Ba ni da sana'a, ba zan iya ɗaure mata ko igiyar takalmi ba. Ta taɓa ganina a kwance, ba zan so ta sake gani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki faɗa mata zancen hannun. Ki ce aiki ne ya yi min yawa, ni na ce ta zauna. Gara ta yi fushi da ni da ta riƙa mafarkin jini.

Sagiru

*

Matankari
Satumba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Ya hannun? Allah ya sa kaffara ne. Malam na yi maka sannu, ya sa an yi maka addu'a a masallaci. Mu muna lafiya, gero ya fara nuna.

Wannan ce takarda ta biyu tun bayan taka. Ta farko Mahamadou ya ce ya buga ƙofa ya buga, sai ta ƙarƙashi ya tura. Ban san ko ka karanta ba, don haka zan maimaita. Yatsa biyu ne suka tafi, Sagiru, ba uba ba. Akwai masu ɗinki da hagu. Sharaɗin nan ni na sa shi, kuma na janye, na yi da-na-sanin ranar da na furta shi. Ka rubuto kalma ɗaya, ko da ƙafa ne, in sa ta a mota. Ni kaina na so in taho ni kaɗai, amma gwiwa ta kumbura har ba na iya zuwa rijiya. Sai bayan girbi in Allah ya yarda.

Na yi abin da ka ce, ko da yake ban so ba. Na ce mata aiki ya yi maka yawa, sai wani hutun. Na zaci za ta yi kuka, har na tanadi abin da zan lallashe ta da shi. Ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce to. Ta je ta kwance kayanta ta mayar cikin kwando ɗaya da na 'ya'yana. Tun daga ranar ba ta sake tambayarka ba. In Mahamadou ya tsaya a ƙofar gida, da ita ce ta farko a guje, yanzu ko leƙawa ba ta yi.

Za a koma lakwal wata mai zuwa. Na jira amsarka har na gaji, Malam ya je ya sa sunanta a nan.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in rubuta ko in bari, amma ba ni da ikon ɓoye maka. Jiya da yamma Malam ya dawo daga gona, yara suka ruga tarbarsa. Ita ce ta karɓi fartanyar. Na ji ta da kunnena ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Da Kawu take ce masa. Malam ya dube ni, ni ma na dube shi, ya amsa mata.

Ban gyara mata ba, Auta.

Yayarka,
Asibi